Darasi na 14: Allurar Riga-kafi da Ƙwarƙwatar Teku a Gonakin Kifin Salmon

Kifin salmon da ake kiwo a ƙasar Norwe ba ya shiga teku sai an yi masa allura. Ɗaya bayan ɗaya ake yi musu, ga shi kuwa waɗanda ake zubawa a teku kowace shekara sun haura miliyan 300. Tsira guda tana kare kifi daga ƙwayoyin cuta iri shida ko bakwai. Amma abin da ya fi cin kuɗin masu kiwon, wata 'yar halitta mai tsawon kusan santimita ɗaya da ke manne wa fatar kifi, wadda ake kira ƙwarƙwatar teku, har yau ba a samu allurar da ta gama da ita ba, alhali an fi shekara 30 ana nema. Dalilin wannan jinkiri shi ne abin da za mu bi a darasin nan. Wanda ya gane shi ya gane yadda riga-kafi ke aiki a jikin kifi da na saniya da na ɗan Adam, ya kuma gane inda ƙarfinsa ya tsaya.

Kifin da gonarsa

Salmon na Tekun Atilantika kifi ne mai gida biyu. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, cikin ruwan daɗi mai sanyi. Bayan shekara biyu ko uku ko fiye, jikinsa yakan sauya ya iya jure gishiri, sai ya gangara teku a farkon bazarar ƙasashen arewa, lokacin da ƙanƙara ke narkewa. Can yake girma, in ya balaga ya komo kogin da aka haife shi ya yi ƙwai.

A shekarar 1970 wasu 'yan uwa biyu, Ove da Sivert Grøntvedt, suka zuba ƙananan salmon 20,000 a kejin raga mai yawo a kan ruwa a tsibirin Hitra na Norwe. Abin ya karɓe su. Yau Norwe na fitar da kimanin tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, wato fiye da rabin salmon na Atilantika da ake kiwo a duniya. Cile ce ke biye mata, sai Sikotland da Kanada da tsibiran Faro. Keji ɗaya na zamani zagayensa kan kai mita 160, zurfin ragarsa mita 20 ko fiye, kuma dokar Norwe ta yarda a tara kifi har 200,000 a cikinsa. Gona guda tana iya samun keji shida zuwa goma. Kifin kan yi tsakanin shekara ɗaya da biyu a teku kafin a yanka shi yana da nauyin kilo huɗu zuwa shida.

Ku riƙe abu ɗaya a zuciya: kejin raga ne. Ruwan teku na ratsa shi dare da rana. Abin da ke cikin teku yana shiga, abin da ke cikin keji yana fita.

Ƙwarƙwatar

'Yar uwar ƙaguwa ce da jatan lande, ba ta da dangantaka da wadda ke shiga gashin mutum, kuma ba ta cutar da wanda ya ci kifin. Wadda ta addabi Norwe da Sikotland sunanta na kimiyya Lepeophtheirus salmonis. Ta Cile wata ce daban, Caligus rogercresseyi. Jikinta shafaffe ne, gabansa kamar faifai, da shi take liƙewa a fatar kifi ruwa bai ɗauke ta ba.

Rayuwarta hawa takwas ce. Macen na jan zaren ƙwai guda biyu a bayanta, masu ɗauke da ƙwai ɗaruruwa, kuma da sun ƙyanƙyashe sai ta sake fitar da wasu. A hawa biyu na farko 'ya'yan ba sa cin komai, ba sa neman kowa, igiyar ruwa ce ke yawo da su, tana iya kai su nisan kilomita gommai. A hawa na uku ne suke tasowa saman ruwa inda haske yake, suna jiran kifi. Wadda ba ta samu ba cikin 'yan kwanaki, abincin da aka haife ta da shi ya ƙare ta mutu. Wadda ta samu sai ta ɗaure kanta da wani siririn zare a fata ko a fiffiken kifin, ta yi hawa biyu a haka. Daga nan ta saki zaren ta fara yawo a jikin kifi, musamman kai da gadon baya, tana kankare yauƙin jikinsa da fatarsa, in ta girma har jini take sha. A ruwa mai ɗumin digiri 10, daga ƙwai zuwa balagaggiyar mace kwana 50 ne ko kusa da haka. In ruwa ya ƙara ɗumi abin ya ƙara sauri. An ga haka a arewacin Norwe a 2024, da teku ta yi zafin da ba a saba ba, ƙwarƙwata ta yi ambaliya a yankunan da a da ba su damu da ita ba.

Illar ba ta tsaya ga rauni ba. Fatar kifin teku ita ce ke hana gishiri kwararowa cikin jikinsa, ta hana ruwan jikinsa fita. In ta huje, ma'aunin gishirin jininsa ya rikice, ƙwayoyin cuta kuma sun samu ƙofa. Babban kifi na iya jure 'yan kaɗan. Ɗan ƙaramin da ya fito daga kogi, mai nauyin giram 20, guda goma sun ishe shi mutuwa.

Tun fil azal ƙwarƙwata na tare da salmon ba ta ƙarar da shi ba, domin yanayi ya raba tsakaninsu. Ba ta daɗewa a ruwan daɗi, saboda haka babban kifin da ya hau kogi yakan kakkaɓe nasa. Lokacin hunturu bakin teku ba kifi da yawa, ƙwarƙwata ta ragu, ƙananan da ke gangarowa da bazara su wuce lafiya. Gonaki suka rushe wannan tsari. Yanzu akwai kifi miliyan ɗaruruwa a bakin tekun Norwe rani da damina, alhali na daji da ke komowa koguna a shekara ba su kai rabin miliyan ba a 'yan shekarun nan. A 2021 aka sa salmon na daji a jerin halittun da ake fargabar ɓacewarsu a ƙasar, a watan Yunin 2024 kuma hukuma ta rufe kamun salmon a koguna 33 saboda ƙarancin masu dawowa. Ƙwarƙwata ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma masana na ƙasar suna lissafa ta cikin manyan dalilai.

Rabin ƙwarƙwata

Dokar Norwe ta ce kada matsakaicin balagaggun mata ya kai 0.5 a kan kowane kifi. A makonni shida na bazara, lokacin da ƙananan na daji ke wucewa, iyakar ta sauko zuwa 0.2. Kowane mako, in ɗumin ruwa ya kai digiri 4, ma'aikata kan ɗebo kifi 10 zuwa 20 daga kowane keji, su sa musu maganin barci, su ƙirga, su aika wa hukuma sakamakon.

Mai karatu zai ce, ina aka taɓa ganin rabin ƙwarƙwata? Lissafi ne. In an duba kifi 20 aka samu mata 7, sai a raba 7 gida 20, a samu 0.35. Wannan ya halatta a watan Oktoba, ya haramta a lokacin wucewar ƙananan kifi. Rabin ƙwarƙwata ba ya yi wa kifi mai kilo uku komai. Amma ku ninka. Keji mai kifi 200,000 a kan 0.5 yana ɗauke da mata 100,000. In muka ɗauka kowacce na jan ƙwai 500 a lokaci guda, ƙwai miliyan 50 ke nan daga keji ɗaya, duk za su bi ruwa. Dokar ba don kifin keji aka yi ta ba, don na daji da na maƙwabta aka yi.

Tun 2017 kuma aka kawo tsarin da ake kira fitilar danja. An raba gaɓar tekun ƙasar yanki 13. Duk bayan shekara biyu ake duba yawan ƙananan salmon na daji da ƙwarƙwata ke kashewa a kowane yanki. In bai kai 10 cikin 100 ba, fitila kore ce, masu kiwo su iya ƙara kashi 6 cikin 100. In tsakanin 10 da 30 ne, rawaya, a tsaya yadda ake. In ya haura 30, ja ce, a rage kashi 6. Da wannan tsari ƙwarƙwata ta zama ita ke yanke wa kamfani hukuncin ya girma ko ya ragu.

Abin da aka gwada

Da farko magani ne. Ana yi wa kifi wanka da magungunan kashe ƙwari, wasu daga dangin waɗanda manoma ke fesawa a gona, ko da sinadarin haidirojin faroksaid. Wajen shekarar 2000 aka samu emamektin, wanda ake haɗawa cikin abinci, mai sauƙin bayarwa, mai aiki na makonni. Kowa ya rungume shi. Ba a daɗe ba ƙwarƙwata ta saba. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne: magani na kashe mafi yawa, 'yan kaɗan masu jurewa su tsira, su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar, ruwa kuma ya rarraba su ga kowa. Zuwa 2015 kusan duk magungunan da ake da su sun yi rauni a Norwe. Ga kuma ƙorafin masunta cewa ruwan maganin da ake zubarwa na kashe jatan lande da ƙaguwa, tunda dangi ɗaya suke da ƙwarƙwatar.

Daga 2016 sai aka koma ga ƙarfin inji. Jirgi mai manyan tankuna a cikinsa yakan zo, a matse kifaye a gefen keji, a zuƙo su ta bututu. Wani injin yana ratsa su cikin ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 34 na kimanin daƙiƙa 30, ƙwarƙwata ta saki. A wajenmu wannan ruwan wanka ne, amma ga kifin da ya saba da digiri 8 ko 10 azaba ce, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana haukacewa a ciki yana dukan bango. Wani injin da feshin ruwa mai ƙarfi da buroshi yake aiki. Akwai kuma tsoma kifi cikin ruwan daɗi na awoyi. Duk suna cire ƙwarƙwata, duk kuma suna kankare yauƙi da ɓawon kifi, su bar shi da rauni da gajiya, sanyi ya zo gyambo ya kama shi. A 2023 Cibiyar Likitancin Dabbobi ta Norwe ta ce salmon fiye da miliyan 60 ne suka mutu a kejin teku, kusan 17 cikin 100, adadi mafi muni da aka taɓa rubutawa zuwa lokacin, kuma raunin da ake ji wajen cire ƙwarƙwata na cikin manyan dalilan da ta lissafa. Garin neman ƙiba an samo rama.

An kuma zuba wasu ƙananan kifaye cikin keji don su riƙa tsince ƙwarƙwata daga jikin salmon, miliyan gommai a shekara, mafi yawansu ba sa kaiwa ƙarshen kiwon da rai. Akwai na'ura mai kyamara da ke harbin ƙwarƙwata da hasken lesa a cikin ruwa. Akwai zanen leda da ake zagaye saman keji da shi, akwai kejin da ake nutsarwa ƙasa da inda 'ya'yan ƙwarƙwata ke taruwa. Kowanne ya taimaka gwargwado, ba wanda ya raba gardama.

Me ya sa ake sa rai ga allura

Saboda ta taɓa ceton wannan sana'a. A shekarun 1980 cututtukan bakteriya sun kusa durƙusar da ita. A 1987 masu kiwon kifi a Norwe sun yi amfani da kusan tan 50 na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, lokacin da kifin da suke fitarwa bai kai tan 60,000 ba. Sai aka samar da riga-kafi, na farko a ƙarshen shekarun 1980, sannan a farkon shekarun 1990 aka samu mai haɗin mai wanda ke daɗewa a jiki. Yau kifin ya ninku fiye da sau 20, maganin kuwa a yawancin shekaru bai kai tan ɗaya ba. A Cile har yanzu ana zuba tan ɗaruruwa a shekara, domin cutar bakteriya da ta fi damunsu tana ɓuya a cikin ƙwayoyin jikin kifi, riga-kafinta bai yi ƙarfi ba.

Yadda ake yin allurar: tun kifi na ɗan ƙarami a tankin ruwan daɗi, a hana shi abinci na ɗan lokaci, a sa masa maganin barci, a tsira masa allura a ciki, ɗigon da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na mililita ba. A da mutane ne ke yi da hannu, yanzu akwai injin da ke yi wa dubbai a awa guda. Abin da ke cikin ɗigon matacciyar ƙwayar cuta ce ko wani yanki nata. Jikin kifi ya gan ta, ya ɗauke ta a matsayin baƙuwa, ya ƙera sinadaran garkuwa da suka dace da siffarta daidai, ya kuma adana tunaninta. Ran da mai rai ta shigo, jiki ya riga ya san ta.

Kifi jininsa na bin zafin ruwa, don haka garkuwarsa ma na bin zafin ruwa. Masu kiwo ba kwana kawai suke ƙirgawa ba, ninka kwana suke yi da digiri. Misali, in takardar magani ta ce kariya na kankama bayan 500, a ruwa mai digiri 10 kwana 50 ke nan, a mai digiri 5 kuwa sai kwana 100.

Inda gizo ke saƙar

Bakteriya da bairos cikin jiki suke shiga, su haɗu da sinadaran garkuwa a jini. Ƙwarƙwata ba ta shiga. Tamkar mai gadi ne da makaminsa a tsakar gida, ɓarawo kuwa yana bayan katanga yana kankarar ginin. Mafi yawan sinadaran garkuwar da allurar ciki ke tayarwa a jini suke zama. Kaɗan ne ke isa yauƙin fata, wanda ya isa ma ruwan teku na wanke shi. A hawan farko na rayuwarta a jikin kifi, lokacin da ta fi rauni, ƙwarƙwata yauƙi da fata take ci. Sai ta girma take shan jini sosai, a lokacin kuwa ɓarna ta riga ta fara.

Ba ta kuma zauna haka nan ba. Tana tofa wasu sinadarai a inda take ci, waɗanda ke kwantar da kumburi su dusashe faɗan da fata za ta yi. Shi ya sa salmon na Atilantika kan ɗauki ƙwarƙwata ya warke, ya sake ɗauka, jikinsa bai koyi wani abin kirki ba. Wannan babbar matsala ce ga mai haɗa riga-kafi. Cutar da wanda ya warke daga ita ba ya sake kamuwa, irin su ƙyanda, riga-kafinta kwaikwayon abin da jiki ya iya ne. A nan kuwa ana so a koya wa jiki abin da bai taɓa iyawa da kansa ba.

Sannan ga girma. Bairos na iya samun furotin goma ko ƙasa da haka, a zaɓi na samansa a yi riga-kafi. Ƙwarƙwata dabba ce cikakkiya, mai baki da hanji da jijiyoyi, ƙwayoyin gadonta sun haura 10,000, kuma tana sauya ɓawo daga hawa zuwa hawa. Wanne za a nufa a cikinsu?

Amsar da aka aro daga kaskar shanu

Makiyayi ya san kaska, kuma daga wajenta masu binciken kifi suka samo dabara. A shekarun 1980 wasu masana a Ostireliya, ƙarƙashin Peter Willadsen, suka yi tunanin cewa tunda kaska ta saba kare kanta daga garkuwar saniya a wajen cizo, a bar wajen cizon, a kai mata hari daga cikin cikinta. Suka ware wani furotin daga bangon hanjin kaska, aka sa masa suna Bm86, suka yi wa shanu allura da shi. Jikin saniya bai taɓa ganin wannan furotin ba, domin yana ɓoye a hanjin kaska, kaskar ma ba ta taɓa buƙatar kare shi ba. Saniya ta ƙera masa sinadaran garkuwa. Kaska ta sha jini, ta sha har da su, suka kama bangon hanjinta suka lalata. Wasu su mutu, waɗanda suka rayu su yi ƙwai kaɗan. A tsakiyar shekarun 1990 wannan riga-kafi ya shiga kasuwa, TickGARD a Ostireliya, Gavac a Kyuba. Na Ostireliya an daina sayar da shi daga baya, na Kyuba ya ci gaba, kuma ya rage yawan wankan magani da ake yi wa shanu a can ƙwarai. Irin kaskar da aka yi shi dominta ta shigo Afirka ta Yamma, an fara ganin ta a Kwaddibuwa a 2007. Da wannan dabara dai Cibiyar Moredun ta Sikotland ta haɗa Barbervax, riga-kafin tsutsar ciki mai shan jinin tumaki, wanda ya fito a Ostireliya a 2014.

Tun shekarun 1990 aka gwada haka a kan ƙwarƙwatar salmon, sakamakon bai kai na kaska ba. Kaska na cika cikinta da jini har ta ninka nauyinta sau da yawa, kuma a cikin ƙwayoyin bangon hanji take narkar da shi, don haka sinadaran garkuwa na isa inda ake so da yawa kuma da ƙarfinsu. Ƙwarƙwata kaɗan-kaɗan take sha, hanjinta kuma cike yake da sinadaran narkar da furotin. Sinadarin garkuwa shi ma furotin ne. Tana iya narkar da makamin da aka aiko mata ya zama abinci. Barbervax kuma sai an riƙa maimaita shi duk bayan 'yan makonni. Tunkiya a kama ta a sake mata allura ba wuya. Kifi 200,000 da ke tsakiyar teku fa? Duk kamun da za a yi musu shi ne wahalar da ake gudu tun farko. Ana buƙatar allura ɗaya a ruwan daɗi da za ta riƙe fiye da shekara, ko kuma riga-kafin da za a ƙara ta cikin abinci.

Inda aka kwana

Masanan Kyuba, da gogewarsu a kan kaska, sun gwada wani furotin na ƙwarƙwatar Cile da suka kira my32, daga baya suka gwada wani yankin furotin mai suna P0 tare da abokan aiki a Norwe. An ga raguwar ƙwarƙwata da raguwar ƙyanƙyasar ƙwai a tankunan gwaji, amma ba mai yawa ba. A 2015 kamfanin Tecnovax na Ajantina ya fitar da wani riga-kafi a kasuwar Cile, shi ne na farko da aka sayar don wannan matsala, sai dai gonakin Cile ba su daina wankan magani ba. A Jami'ar Konsefsiyon ta Cile ana gwada wata hanya, ta hana ƙwarƙwata samun sinadarin ƙarfe da take buƙata daga jinin kifi. A Bagen ta Norwe an buɗe cibiya sukutum don nazarin ƙwarƙwatar teku a 2011, ƙarƙashin Farfesa Frank Nilsen, an kuma karance kundin gadonta, abin da ya ba masu bincike damar kashe ƙwayar gado ɗaya su ga ko za ta rayu ba tare da ita ba. Moredun da Jami'ar Stirling na neman wanda za a bayar ta baki, wanda zai tayar da garkuwa a yauƙin fata. Har zuwa 2024 babu riga-kafin ƙwarƙwata da ke da lasisi a Norwe ko Sikotland.

Gwajin kansa ma aiki ne. Sai an yi kiwon ƙwarƙwata a jikin kifi mai rai kafin a samu ta gwaji. Manyan kan yi tsalle daga kifi zuwa kifi, wasu su faɗi su bi magudanar tanki, har tankuna biyu da ba a yi wa komai ba su ba da adadi mabambanta. Bambancin kashi 20 cikin 100 na iya zama aikin riga-kafi, yana iya zama sa'a. Sau da yawa abin da ya yi kyau a tanki, in an kai shi teku inda sababbin 'ya'ya ke zuwa kullum, sai ya ɓace. Saboda haka in kun ji sanarwar cewa an samu riga-kafi mai rage kaza cikin ɗari, ku tambaya: a tanki ne ko a teku, na wata nawa, kuma wa ya ƙirga?

Wata hanya ta ɓullo daga Tekun Fasifik. Salmon irin na can da ake kira koho, in ƙwarƙwata ta manne masa, fatarsa kan kumbura nan da nan ta lulluɓe ta, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Masana daga cibiyar Nofima ta Norwe da Cibiyar Roslin ta Edinbara sun bi diddigin ƙwayoyin fatar da ke wannan aiki, suka wallafa sakamakonsu a 2024. Fatan shi ne a gano abin da ke kunna wannan faɗa, a tayar da shi a jikin salmon na Atilantika, ko ta zaɓen iri, ko ta gyaran ƙwayoyin gado, wanda dokokin Turai ba su buɗe masa ƙofar kasuwa ba tukuna.

Riga-kafin da bai cika ba

Da wuya a samu allurar da za ta hana ƙwarƙwata mannewa gaba ɗaya. Abin da ya fi kusa shi ne mai ragewa. Wasu na raina irin wannan, a ganina kuskure ne. Mu ƙaddara riga-kafi na rage 'ya'yan da kowace mace ke bari da kashi 30 cikin 100. Zuriya ta farko saura 70 a maimakon 100. Ta biyu 49. Ta uku kimanin 34. Cikin watanni kaɗan an rage kashi biyu cikin uku na abin da zai kasance. In hakan ya sa gonar da ke kiran jirgin wanka sau shida ta kira shi sau huɗu, an ceci kifi masu yawa daga bututu da ruwan ɗumi, an kuma rage damar da ƙwarƙwata ke samu ta saba da magani. Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ma haka yake. An fara aikin wanda ake kira RTS,S a 1987, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi ba sai 2021, bai kuma hana cutar gaba ɗaya ba, ba a ce a yar da gidan sauro ba. Duk da haka mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 13 cikin 100 a wuraren gwajinsa a Ghana da Kenya da Malawi.

Sai dai lissafin da muka yi yana da sharaɗi: kowa a yankin ya yi. In gona ɗaya ta yi wa kifinta allura maƙwabtanta ba su yi ba, ruwa zai ci gaba da kawo mata 'ya'yan ƙwarƙwatarsu, ita kuma raguwar ƙwan da ta saya da kuɗinta maƙwabta ne za su ci moriyarta. Irin wannan riga-kafi sai da doka ko yarjejeniyar yanki. Akwai kuma tarko a cikin tsarin danja. In riga-kafi ya rage ƙwarƙwata da kashi ɗaya cikin uku, fitila ta koma kore, aka riƙa ƙara kifi kashi 6 cikin 100 duk shekara biyu, cikin shekara 14 yawan kifin ya ƙaru da rabi, ƙwan da ke bin ruwa ya koma inda yake. Ɗan kifin da ke gangarowa daga kogi jimillar abin da ke cikin ruwa yake haɗuwa da ita, matsakaicin da ke jikin kifin keji bai shafe shi ba.

Aikin aji

1. An duba kifi 20 daga kowane ɗaya cikin keji uku na wata gona. A na farko an samu balagaggun mata 3, a na biyu 6, a na uku 12. Ku fitar da matsakaicin kowane keji da na gonar baki ɗaya. Gonar ta keta doka a lokacin da iyaka take 0.5? A lokacin 0.2 fa?

2. Takardar wani riga-kafi ta ce kariya na kankama bayan 450. Ɗumin ruwan tanki digiri 9 ne. Kwana nawa za a jira kafin a kai kifin teku?

3. Ku yi bayani da bakinku, kamar kuna yi wa makiyayi, yadda allurar da aka yi wa saniya ke cutar da kaskar da ke jikinta, da abin da ya hana dabarar yin irin wannan tasiri ga ƙwarƙwatar salmon.

4. Waɗanda ke kiwon tarwada ko kaji ko tumaki a cikinku su ba aji labari: akwai maganin da a da yake aiki yanzu ya daina? Sau nawa ake ba da shi, kuma wa ke auna yawansa?